Wasiƙa daga Zariya: Maganar Alƙalamin Auta

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya karatu, ya baƙunta a Malesiya? Allah ya sa a gama lafiya, a dawo gida da abin da aka je nema. Mu nan duk ƙalau, sai godiya. Hunturu ya fara leƙowa, da safe hazo kan rufe hanyar Samaru har sai masu babur sun kunna fitila. Uwargida tana gaishe ka, yara ma haka.

Amanar da ka bar mini tana nan lafiya. Auta ta zo mana ƙarshen makon jiya, ta ɗan rame amma fuskarta a sake, ta ce ta fara sabawa da zaman Amina Hall, masaukin ɗalibai mata na Jami'ar Ahmadu Bello, da cunkoson ɗakin lacca. Ita ta fara faɗa mini maganar alƙalamin kafin saƙonka ya iso. Ta nuna mini ɗan yatsanta na tsakiya, wajen da biro ke kwanciya ya yi kanta, ta ce in ta yi lacca uku a jere hannunta har sagewa yake yi. Shi ya sa da ta ga wanda nake gyaran takardun ɗalibaina da shi, ta karɓa ta rubuta layi biyu, sai ta ce ita ma irinsa take so.

Ka ce ka shiga shago a can ka ga alƙaluman tawada jere cikin gilashi, daga mai araha har wanda kuɗinsa ya kai albashin wata, ka rasa na ɗauka. To ga amsata tun kafin in yi dogon bayani: ka saya mata Platinum Preppy mai lamba 03, guda biyu. In ba ka same shi ba, ka ɗauki Pilot Kakuno mai harafin F a bakinsa, alamar siririn baki. Ka haɗa da kwalbar tawada ɗaya. Kada ka wuce nan, ko da aljihunka ya yarda.

Dalilina na farko takarda ce. Kai kana gwada alƙalami a can a kan farar takarda mai kauri da santsi wadda mai shago ya ajiye don gwaji, ita kuwa Auta za ta yi rubutu ne a kan littafin da ake sayarwa a kasuwar Samaru ko Sabon Gari, mai falle 60 ko 80, wanda in ka ɗaga shafinsa ga hasken taga kana iya hango yatsunka ta baya. Irin wannan takarda shan tawada take yi kamar yashi ya samu ruwa. In bakin alƙalami mai faɗi ne, tawadar da yake zubarwa tana da yawa, sai ka ga layin ya kumbura, gefensa ya fito da 'yan ƙananan gashi, cikin harafin "a" da "e" ya toshe. Ka juya shafin kuma ka tarar ta huda ta baya, ɗigo-ɗigo, bayan shafin ya tashi daga aiki. Ɗalibar da za ta yi ta rubutu a fuska ɗaya ta bar ɗaya, ka ga kuɗin littattafanta ya ninka ke nan. Siririn baki kuwa tawada kaɗan yake saki, tana bushewa kafin gefen hannu ya bi ta kanta, kuma bayan shafi yana rubutuwa. Ga shi karatun haɗa magunguna take yi. Na duba littafinta, cike yake da zane-zanen sinadarai da ƙananan lambobi da ake maƙalawa a gindin harafi. Waɗannan in ba da tsini mai kyau ba, 2 da 3 sai su zama abu ɗaya.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don harafin da ke jikin baki ba ma'auni ɗaya ba ne a duniya. F na Japan ya fi F na Jamus siranta sosai, kusan daidai yake da EF na Jamusawa, wato bakinsu da ya fi F siranta. Mutanen Japan rubutunsu yana da zane-zane masu yawa cikin ɗan ƙaramin wuri, dole ta sa suka ƙware wajen wasa baki siriri wanda ba ya karce. Abin da ya amfane su shi ya amfane mu, ko da yake mu matsalarmu ta takarda ce. Shi ya sa na ce ka tsaya wajen kamfanonin Japan. Pilot tun 1918 suke wannan sana'a, Platinum kuma tun 1919, kuma abin da na fi yaba musu shi ne ko alƙalaminsu mafi araha ba sa sakaci da bakinsa. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, Preppy ba shi da wani ado, roba ce garau da rubutu a jiki. Amma rubutunsa ba ya jin kunyar na wanda ya ninka shi kuɗi sau goma.

Preppy yana zuwa da lamba 02 da 03 da 05. Za ka ji ranka na cewa tun da siriri ake nema, a ɗauki 02 kawai. Ban goyi bayan haka ba. Lamba 02 ta yi tsini da yawa ga takardarmu mai kaushi, in ana sauri sai ka ji tana ƙyaƙ-ƙyaƙ, wani lokaci har ta tsinci zaren takarda ta maƙale a tsagar baki. Mai zama a natse ya yi zane zai ji daɗinta. Mai bin malamin da ke zuba magana ba tsayawa, 03 ce tasa. Ita kuma 05 ta yi faɗi ga abin da muke magana a kai.

Abin da ya sa na sa Preppy a gaba shi ne murfinsa. A ciki akwai wani ƙaramin murfi na biyu da ke kan waya mai lanƙwasa, in ka rufe sai ya danne bakin ruf, iska ba ta shiga. Kamfanin ya ce tawada kan kai wajen shekara ba ta bushe ba a ciki. Kai ka san hunturun Zazzau, leɓe ma tsagewa yake yi balle ɗan ɗigon tawada a bakin ƙarfe. Kuma ɗalibi yana tafiya dogon hutu ya bar kayansa cikin akwati. Alƙalamin da zai dawo ya buɗe ya ci gaba da rubutu nan take ya fi mini wanda sai an jiƙa an girgiza. Aibinsa ɗaya da ya kamata ka sani: robar murfin tana tsagewa in ana yawan matsa ta ko ta faɗi a siminti. Dalilin cewa ka sayi biyu ke nan, kuma biyun ma ba su kai kuɗin alƙalamin Lamy ɗaya ba.

Kakuno, wanda ya fito a 2013, don masu koyo aka yi shi. Jikinsa mai kusurwa shida ne irin na fensir, ba ya gangarewa daga kan benci, kuma an zana 'yar fuska mai murmushi a kan bakin don mai riƙo ya san ɓangaren da zai kalli sama. Robarsa ta fi ta Preppy ƙwari, bakinsa kuma a ganina ya ɗan fi laushi. Ba shi da maƙalin aljihu, amma Auta a jaka take sa kayan rubutunta, wannan ba zai dame ta ba.

Na san idonka zai kai kan Lamy Safari, don shi ne ya fi cika ido a cikin masu matsakaicin kuɗi. Alƙalami ne na ƙwarai, tun 1980 Jamusawa ke yin sa, ƙarfinsa kuma ba magana. Sai dai F ɗinsa ya yi faɗi ga littattafanmu, jabunsa sun cika kasuwa, kuma kuɗinsa ya kai a ji zafi in ya ɓata. Ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane, ɗakin kwana mai shiga da fita, zaman karatun dare a Laburaren Kashim Ibrahim, ko ba a ɗauke ba ana mantuwa. Ba na son yarinya ta zauna cikin aji rabin hankalinta na kan jaka. In ta gama karatu lafiya ka saya mata mai tsadar a matsayin tukwici, lokacin ta san irin bakin da hannunta ke so.

Za ka tambaye ni Hero fa, namu na da, wanda muke matsa 'yar robar cikinsa ya zuƙi tawadar Quink. Har yanzu ana yin sa a Shanghai, kuma 616 ɗin nan mai ɓoyayyen baki, wanda aka kwaikwayo daga Parker 51, siririn rubutu yake yi mai dacewa da takardarmu. Matsalarsa rashin tabbas. Cikin kwali ɗaya wani ya yi rubutu kamar me, wani ya yi yoyo, wani ya ƙi tashi sam. Jinhao ma na Sin ne, ya fi samuwa yanzu, amma wasu nau'o'insa na ƙarfe ne masu nauyi, hannu zai gaji kafin a tashi lacca. Waɗannan sai an gwada akan san na ƙwarai, ba abin da za a saya daga nesa a aiko ba ne.

Yanzu maganar tawada, wadda ita ce ke kashe wa yawancin mutane sha'awar alƙalamin nan. Preppy da Kakuno kowanne da irin kwanson tawadarsa, wato 'yar robar da ke zuwa cike da tawada a maƙala ta a cikinsa, na Platinum ba ya shiga Pilot, na Pilot ba ya shiga Platinum, kuma ba abin da za ta leƙa shagon bakin ƙofar makaranta ta saya ba ne. In ka dogara da kwanso kaɗai, ranar da na ƙarshe ya ƙare alƙalami ya zama kayan ajiya. Hanya biyu ce. Ko ka sayi 'yar na'urar zuƙo tawada ta kamfanin, wadda ake sa wa a madadin kwanson, ko kuma a yi yadda nake yi: kwanso ya ƙare, in ɗauraye shi, in zuƙo tawada daga kwalba da sirinji in ɗura. Sirinji kuwa kowane kemis akwai, sai dai a dasashe tsinin allurar a kan dutse don kada ta soki mutum. Kwanso ɗaya yana cin wajen mililita 1, kwalbar Quink kuma mililita 57 ce, ka ga za ta cika shi fiye da sau 50. Ka lissafa biro nawa za ta saya ta jefar kafin kwalba ɗaya ta ƙare.

Wajen launi, ka nemi wadda aka rubuta Blue Black a jikinta, ta Pilot ko Pelikan 4001. Ba sa yawan bazuwa a takarda mara kauri, kuma in ruwa ya taɓa rubutun ba ya gushewa gaba ɗaya. Shuɗiyar nan mai haske tana da kyau a ido, amma yawancinta mai wankuwa ce. Ruwan Agusta ya kama ɗaliba tsakanin aji da ɗakin kwana, jaka ta jiƙe, rubutun zango guda ya narke, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Akwai gargaɗin da na riga na yi mata, kai ma ka nanata. Kada ta kuskura ta zuba masa tawadar allo. Mu a garin nan tawada ba baƙuwarmu ba ce, kowane zaure a cikin birni akwai kurtu da alƙalamin gamba, shi ya sa mutum zai ga ai duk tawada tawada ce. Ta allo da gawayi ko baƙin tukunya ake haɗa ta, a sa ƙaro don ta kama. Ƙaron nan da ke sa ta zauna daram a kan allo shi ne zai daskare cikin siraran hanyoyin da ke ƙarƙashin baki. Wani yaron maƙwabtanmu ya kawo mini nasa bayan ya yi haka. Da na zare bakin, baƙar robar da tawada ke bi ta cike da wani abu mai ƙyalli ya bushe ƙam, tsagar da ko gashin kai da ƙyar zai shige ta ta toshe daga farko har ƙarshe. Na jiƙa shi, na goge da tsohon buroshin haƙori, ya dawo yana rubutu amma yana yankewa. Tawadar hatimi da ta masu zane ma haka suke, a nisance su.

Sauran kulawar ba ta da yawa, zan koya mata da kaina. Ba a danna shi, nauyinsa kaɗai ya isa tawada ta sauka, kuma wannan ne zai raba ta da ciwon hannun. In malami ya tsaya dogon bayani ta mayar da murfi. Kada ta bar shi cikin rana, don zafi na kumbura iskar da ke ciki ta turo tawada waje. Duk bayan 'yan makonni ta ɗauraye shi da ruwan leda mai tsabta, ba ruwan zafi ba, ba sabulu. Biro kuma kada ta rabu da shi: na cike takardar banki mai kwafi, na jarrabawa, da na ba wa mai cewa "ara mini abin rubutu". Wanda ya saba da biro in ya karɓi alƙalamin tawada danna shi zai yi da ƙarfi, bakin ya buɗe, shi ke nan.

Ka ce akwai wanda zai taho gida ƙarshen wata. Ka ba shi alƙaluman babu tawada a ciki, don canjin iska a jirgi na sa su yoyo. Kwalbar kuma a ƙara ɗaure murfinta, a sa ta cikin leda biyu, a cusa tsakiyar tufafi a babbar jaka. In ya sauka Kano ya kira ni, ina da wanda zai karɓo mini. In da hali ka haɗo mini da kwalba ɗaya ta ja, tawa ta gyaran takardu ta kusa ƙarewa kuma jarrabawar zango ta matso, zan ba Auta kuɗin ta ƙara a na kashewarta.

Na leƙa su Hajiya ranar Juma'a bayan masallaci, ƙafar ta yi sauƙi sosai, har tana fita tsakar gida da kanta. Ta ce in faɗa maka ka riƙa kira da rana, don lokacin da kake kira ita ta riga ta yi barci. Ka gai da 'yan'uwa da ke tare da kai a can.

Wassalam.

Naka amini,
daga Zariya