Manajan banki ya fara yi wa ma'aikatansa hidima kafin ya nemi sakamako

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun a Maris na 2024 da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jari, naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na shiyya, hankali ya koma kan kuɗin da za a tara. An manta da ma'aikatan da ke zaune a kantar banki.

Masana harkar gudanarwa suna da tsari da suke kira shugabanci na hidima, wanda Robert Greenleaf na Amurka ya yaɗa a 1970. Ma'anarsa manaja ya ɗauki share wa na ƙasa da shi hanya a matsayin babban aikinsa. A reshen banki abin a fili yake: na'urar ƙirga kuɗi tana aiki? An rubuta wa hedikwata kan sabis da ke yankewa? Layi ya yi tsawo, akwai mai karɓar kashiya ya yi sallah, ya ci abinci? Kashiyan da ya wuni bai tashi ba shi ke samun giɓi da yamma wajen rufe lissafi, sannan a cire daga albashinsa, ba a tambayi dalili ba.

Babbar matsalar ita ce taget. Idan aka ɗora wa ma'aikacin kwantiragi adadin ajiya da sababbin asusu, babu horo, babu jerin 'yan kasuwar da zai tunkara, sai barazanar kora, to zai kawo lamba kawai. Zai roƙi ɗan'uwa ya zuba kuɗi ranar ƙarshen wata, a kwashe kwana biyu bayan haka. Zai buɗe asusun da ba za a sake taɓawa ba. Rahoto ya yi kyau, bankin bai ƙaru da komai ba. Manaja nagari yana raba taget gwargwadon unguwa da ƙwarewa, ya fita da sabon ma'aikaci zuwa kasuwa da kansa, ya auna asusun da ke motsi bayan wata uku.

Tsoro kuma yana buɗe ƙofar zamba. Ƙa'ida ita ce mutum ɗaya ya shigar da ciniki, wani daban ya amince da shi. Inda manaja ke tsawa a yi sauri, sai a fara ba juna lambar sirri. Inda ake hana hutun shekara, ɓarnar da wanda ya riƙe kujerar mai hutu zai gano sai ta daɗe a ɓoye. Wanda ke tsoron ubangidansa ba ya kai rahoton kuskure da wuri.

Wannan ba sassauci ba ne, wanda ya ci amana a hukunta shi. Amma ina kira ga hukumomin bankuna da ƙungiyoyin ma'aikatan banki na ASSBIFI da NUBIFIE su sa yawan ma'aikatan da suka bar reshe, da ƙorafin abokan hulɗa, da ra'ayin ma'aikatan da ke ƙarƙashin manaja cikin ma'aunin da ake ƙara wa manaja girma da shi.

Wassalam,
Mai karatu daga Kano