Zuwa ga mutumina na Cang

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Cang? Mu nan Marwa hunturu ya shigo sosai, da safe hazo har ba ka hango duwatsu, leɓen kowa a fashe. Jiya na biya gidanku na gaida Inna, lafiyarta lau sai ɗan ciwon gwiwar nan, ta ce in faɗa maka kwana biyu ba ta ji muryarka ba, to na isar.

Ka yi haƙuri da tsawon saƙon, maganar ce ba ta yiwuwa a kira ɗaya ga rezo ba kirki, kuma akwai alfarma biyu da nake nema wajenka.

Kasan shirin rediyon da na taɓa yi maka zancensa a hutu? To ya kankama. Malaminmu ne ya haɗa mu mu bakwai da wata GIC, wato ƙungiyar haɗin gwiwa, ta masu albasa can wajen Meskin, da wata ƙungiyar mata ta cikin gari, sai wani ƙaramin gidan FM ya ba mu minti 45 duk Laraba bayan isha'i. Ana farawa da Fillanci tunda shi kowa ke ji a nan, sai a ba ni rubu'in ƙarshe in yi da Hausa. Jami'armu ta Marwa tun 2008 take, ni kuma a garin nan aka haife ni, amma wallahi sai bana na san yadda ake tada fangali, sai bana na san irin albasa sai ya yi wajen kwana 40 zuwa 45 kafin a cire shi a kai dashe.

Makonnin farko takardunmu muke karantawa, daga Faransanci muke juyawa, ba wanda ya kira. Sai wani dattijo a GIC ɗin, Baba muke ce masa, ya kira ni gefe ya ce ɗana na ji ku kuna giram kaza lita kaza, wa ka gani da sikeli a lambu? Daga ranar muka koma awo da kwano da gwangwanin tumatir da bidon mai lita 20, mu auna a makaranta mu zo mu faɗa da abin da ke hannun mutane. Kuma muka roƙe shi ya riƙa shiga situdiyo da mu.

Da ka ga ranar da ya fara zuwa. Ya zo da albasa guda uku da lawashinsu a aljihun babbar riga, ƙasa na zuba kan tebur, mai kula da na'ura yana ta kare wayoyinsa. Ya ƙi cire hula don haka abin kunnen a wuya ya rataya shi. Na tambaye shi kan ƙwaron nan da ke sa ganyen albasa ya yi fari fari kamar an goga masa azurfa, sai ya matso bakin makirfo ya ce duk mai albasa gobe kafin rana ta yi zafi ya tsuguna, ya buɗa tsakanin ganye can wajen wuya da babban yatsa, ya jira kaɗan, zai ga wasu 'yan mitsi mitsi kamar ƙaiƙayi suna gudu, to su ne ɓarayin, kuma duk feshin da bai shiga lungun nan ba asarar kuɗi ce. Yana faɗa yana buɗa tasa albasar kamar suna ganinsa. Laraba ta gaba waya ba ta huta ba. Yawancinsu bip suke yi mu kira su, mu ke haɗa kuɗin kiredin a tsakaninmu, wani sati jaka biyu wani sati uku.

Baba ne kuma ya yi bayanin ajiyar albasa, a daina ban ruwa wajen sati biyu kafin cira in wuyan ya fara kwanciya, a bar ta ta sha iska a inuwa, kuma kar a cika mata takin zamani don ta yi girma, irin wannan tana da kyan gani amma ita ke fara ruɓewa a rumfa. Kai ka san abin da ke faruwa lokacin cira, kowa ya kawo kasuwa lokaci guda farashi ya faɗi, manyan motoci su kwashe zuwa Yawunde da Duwala, bayan wata shida buhun ya yi tsadar da mai noman ba ya iya saye. Ya ce a irin albasa, Gudami tamu ta gida da 'yar Galmi ta Nijar kowacce da halinta, a wannan kam sun yi ta gardama da masu kira har lokaci ya ƙare.

Matan ma sun ba ni mamaki. Akwai wata baiwar Allah da ba ta fita, a tsakar gida take shuka yakuwa, folere ɗin nan, da lalo da kuɓewa cikin tsofaffin buhuna, ta kira tana tambaya ko ruwan wanke wanke zai yi. Shugabar ƙungiyar matan ce ta amsa mata, ta ce ruwan alwala da na wankin shinkafa ki tara ki zuba, amma wanda aka sa omo ko javel kar ya je kusa, kuma ki ɗora buhunan kan bulo saboda akuya.

To yanzu ga abin da ya hana ni barci. Sati biyu da suka wuce wani saurayi ya kira, da murnarsa, wai shi ya samo maganin da ya fi namu, maganin auduga yake fesa wa tumatir da latas. Muka ce za mu zo mu gani. Ranar Asabar muka hau kilando, babur ɗin haya, ni da wata 'yar ajinmu har bakin Mayo Tsanaga. Mutumina abin da na gani, yaron bai kai mu shekaru ba, ƙafa ba takalmi, hanci ba komai, da hannu yake dama maganin a bokiti, iska na dawo masa da feshin a fuska yana share ido da bayan hannu. Maganin a robar ruwan sha yake, ba takarda ba suna, a kasuwa aka tsiyaya masa. Na ce yaushe za ka yanki latas ɗin? Ya ce jibi. Na ce kanka ba ya ciwo in ka gama? Ya ce yana yi, sai ya sha madara. Shi ba mugunta yake ba wallahi, gani yake ya yi dabara, amma latas ɗanye ake cin shi, ƙanwata kullum sai ta sayo.

Da muka kai maganar GIC sai da aka yi zama mai zafi. Wasu suka ce in kuka faɗa a rediyo mutane za su guji kayan lambun kowa har da mu da ba ma yi, kuma ban ga laifinsu ba, da shi suke ciyar da iyali. Amma ni na kasa yarda a yi shiru. Baba ne ya raba, ya ce a faɗa, kar a kama suna kar a kama unguwa, kuma kar a hana mutum abu ba a ba shi madadinsa ba.

Madadin da muke da shi darbejiya ce, ga ta ko'ina a titunan Marwa 'ya'yan na zuba ana takawa. A busar a daka wajen kilo 1, a jiƙa a bidon ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulun wanki don ya kama ganye, a fesa da yamma don rana tana kashe ƙarfinsa. Mun faɗa musu gaskiya ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci yake, kuma sai an maimaita duk sati.

Alfarma ta farko, tunda kai kake FASA, tsangayar aikin gona ta jami'ar Cang, kuma wannan fanninka ne, dan Allah ka yi mana saƙon murya ta WhatsApp na minti uku, da Hausar gida irin wadda kake yi wa Inna. Ka yi bayanin zanen launin da ke gindin takardar magani, ja da rawaya da shuɗi da kore, cewa ja shi ne mafi haɗari, da kwanakin da ake rubutawa a jira tsakanin feshi da girbi, da dalilin da ya sa na auduga ba na abin ci ba ne, kuma ka faɗa musu madara ba ta karya guba, asibiti ake zuwa. Sannan ka tambayar mana malamanku kan tsutsar tumatir ɗin nan mai shiga cikin ganye, Tuta absoluta, wadda ta cinye tumatirin Kano a 2016, me ya kamata ƙaramin mai lambu ya yi mata. In ya samu kafin Talata da dare ya yi.

Ta biyu ta fi nauyi. Lambun marigayi Baffa, Allah ya jiƙansa, tun rasuwarsa yake kwance, rijiyar na leƙa da ruwa a ciki, jigon ne kawai ya karye. Muna son mu yi fangali huɗu a wajen, biyu da darbejiya biyu ba komai, duk wanda ya ji a rediyo bai yarda ba ya zo ya gani da idonsa, yaron nan ma ya ce zai zo ya taya mu ban ruwa. Abin da aka samu na gidanku ne. Na yi wa Inna maganar, ta yi shiru can ta ce a tambaye ka. In ranka bai kwanta ba ka faɗa min kai tsaye, ba komai tsakaninmu.

Mutanen majalisa duk suna gaishe ka. Ina jiran amsarka.

Naka,
abokinka na Domayo