Barka da Sallah daga Lund

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Ƙarfe goma na dare nake wannan rubutu, amma har yanzu gari bai yi duhu ba, domin haka ƙasar Suwidin take a wannan lokaci na shekara. Mun yi Idi a wani ɗakin taro da aka yi haya, muka gaisa a tsaitsaye, kowa ya kama hanyar aikinsa. Ba a yanka a gida a nan, don haka a shago na sayo nama cikin leda.

Tun safe ba abin da nake tunawa sai hantar da Baba yake gasawa a garwashi tun ba a gama fiɗa ba, ya yayyanka da ƙaramar wuƙarsa, ya barbaɗa yajin Inna, ya riƙa sa wa kowa a tafin hannu daga auta zuwa babba. Na gwada tawa a kasko, na'urar jin hayaƙi ta ɗauki ihu har maƙwabciyata ta leƙo, ni da ita muka yi ta dariya, amma da na zauna ci ni kaɗai sai lomar ta ƙi wucewa.

Yaya ya shaida mini cewa bana shi ya riƙe wuƙa, Baba kuma ya tsaya a gefe saboda cutar Parkinson da ke damunsa, har Gwaggo ta sake tayar da zancen sammu. Ina roƙon a karanta mata wannan sashe a hankali, tunda a kan wannan cuta nake karatu. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai cibiyoyin da ke tsara motsi, kuma yawancin saƙon da suke aikawa na hani ne, ta hanyar wani sinadari mai suna GABA. Ko mutum yana zaune, suna riƙe da sashen da ake kira talamus, wanda saƙon motsi ke bi ta cikinsa, kamar yadda mahayi yake riƙe linzami a Ƙofar Soro kafin jahi, kuma motsi ba ya fita sai an sassauta. Hanyoyi biyu ne ke jayayya a kan linzamin, ɗaya tana saki, ɗaya tana ƙara ja. Sinadarin dofamin, wanda ƙwayoyin wani ɗan baƙin wuri a tsakiyar ƙwaƙwalwa suke samarwa, shi ke ƙarfafa mai sakin, ya kuma rage wa mai jan ƙarfi. Idan waɗannan ƙwayoyi suka yi ta mutuwa, kuma galibi sai an rasa kusan rabinsu ko fiye kafin alamu su fito, sai hani ya rinjayi saki. Dokin yana nan da ƙarfinsa, linzamin ne ya ƙi sakuwa. Abin da ya sa Baba yake daɗewa kafin ya miƙe daga buzu ke nan, takunsa ya gajarta, wani lokaci ya kafe a ƙofar zaure, fuskarsa kuma ta daina nuna fara'ar da ke zuciyarsa. Mutane rawar hannu suke gani, ni kuwa wannan nauyin jiki ya fi damuna.

Cutar tana da tarihi. Wani likitan Landan, James Parkinson, ya bayyana ta a 1817, kuma sunansa take ɗauke da shi. A jami'ar nan ta Lund ne wani masani mai suna Arvid Carlsson ya nuna a 1957 cewa zomayen da wani magani ya sandarar sun miƙe sun ci gaba da tafiya bayan an ba su sinadarin da ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000. Sinadarin nan shi ne levodopa da ke cikin ƙwayar da likita ya rubuta wa Baba.

Inna, a nan ne naman layya ya shigo zancen. Levodopa da abin gina jiki da ke cikin nama ƙofa ɗaya suke bi daga hanji zuwa jini, da kuma daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, saboda haka idan aka haɗa su maganin yakan rage aiki. A ba shi kamar rabin awa kafin abinci, a kan lokacinsa, kada kuma a dakatar da shi farat ɗaya ba da sanin likita ba. Idan ya kafe, kada a ja hannunsa, a ƙirga masa taku da murya.

A gaishe da Gwaggo, a ce mata ban manta da addu'arta ba. Ina gaida Kawu da mutanen Ƙofar Sauri. Auta kuwa, na ga hotonsa da hular da ta fi kansa girma, na kalla ya fi sau goma. A ce masa goron Sallarsa yana hannun Yaya, kuma ya ɗaukar mini bidiyon hawa gobe, ya matsa kusa yadda zan ji algaita. Hajiya Babba ta ajiye mini dambun nama a gwangwanin nan mai jan murfi, ko da mai zuwa zai samu.

Ɗiyarku mai kewarku.