Gudummawar Biki Ba Ita Ce Ma'aunin Matsayinka a Zuciyar Mutane Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da yake cin zumunci a tsakaninmu sannu a hankali, wato yadda muke auna matsayinmu a wurin 'yan uwa da abokan arziki da abin da suka kawo mana ranar biki ko suna, da kuma yadda muke ɗora wa mutane tsammanin da ba su san mun ɗora musu ba, sa'an nan mu hukunta su idan suka kasa cika shi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa gudummawa tsohuwar al'ada ce mai kyau. Idan mace za ta aurar da 'yarta, dangi da ƙawaye sukan kawo abin da ya sawwaƙa, wata kuɗi, wata kwanuka, wata turmin atamfa, a haɗa a yi wa yarinya kayan ɗaki da gara. Uwar biki kuwa takan sa a rubuta abin da kowa ya kawo, domin ranar da hidima ta zo gidan waccan ta san abin da za ta mayar, sau da yawa ma ta ɗora wani abu a kai. Da wannan tsari ne talakawa suka daɗe suna aurar da 'ya'yansu cikin rufin asiri. Ba ni da ja a kansa ko kaɗan. Inda nake da magana shi ne lokacin da littafin rubuta gudummawa ya tashi daga abin tunatarwa ya koma abin yanke hukunci a kan zukatan mutane. Sai ka ji mace tana cewa, "Yau na san matsayina a wurin wance," don kawai ta kai mata dubu ashirin a bikin 'yarta, ita kuwa ta kawo dubu biyar. Maza ma ba a bar su a baya ba, domin za ka ji magidanci yana cewa wane ya nuna masa iyakarsa tunda bai zo ɗaurin auren ɗansa ba, alhali shi ya je nasa har wani gari. Daga nan sai a daina gaisawa yadda aka saba, a daina kiran waya, 'ya'ya su tashi su tarar da gaba wadda ba su san mafarinta ba.

Ya kamata mu tuna halin da ake ciki kafin mu yanke wa kowa hukunci. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A ƙarshen shekarar 2024 hauhawar farashin kaya ta zarce kashi 34 cikin ɗari bisa ƙididdigar hukuma. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, amma a lokacin kuɗin nan bai isa sayen buhun shinkafa ɗaya ba. Ma'aikacin da a da yake shiga mota daga Kaduna zuwa Katsina don ɗaurin auren ɗan abokinsa ba tare da ya yi dogon tunani ba, yau sai ya zauna ya yi lissafi tsakanin kuɗin motar da kuɗin makarantar yara. Matar da aka aiko wa da anko uku a wata ɗaya, kowanne da kuɗin ɗinki, dole ta zaɓi ɗaya ta bar biyu. Kuma kunya, wadda ado ce a wurinmu, takan hana irin waɗannan mutane su fito fili su ce ba su da hali. Sai su yi shiru, mu kuma mu fassara shirunsu da wulaƙanci.

Akwai abubuwa biyu da suka faru a shekara ta 8 bayan Hijira waɗanda nake ganin sun isa su gyara mana tunani a kan wannan batu, kuma zan so in ɗan daɗe a kansu.

Na farko shi ne abin da ya faru bayan yaƙin Hunaini, lokacin da aka zo rabon ganima a Ji'irana. Manzon Allah (SAW) ya ba wasu shugabannin Ƙuraishawa da na ƙabilun Larabawa waɗanda ba su daɗe da shiga Musulunci ba, irin su Abu Sufyan da Aƙra'u ɗan Habis da Uyaina ɗan Hisnu, raƙuma ɗari ɗari, amma Ansar, mutanen Madina da suka ba shi masauki suka tsaya tare da shi a kowane yaƙi, ba su sami komai daga wannan kyauta ba. Abin ya yi wa wasunsu ciwo, har suka fara tunanin ko ya haɗu da mutanensa ya manta da su. Sa'ad ɗan Ubada, ɗaya daga cikin shugabannin Ansar, ya kai masa maganar. Sai Manzon Allah (SAW) ya tara su ya yi musu jawabi, ya tambaye su ko ba su yarda mutane su tafi da tumaki da raƙuma, su kuwa su koma gida da Manzon Allah ba, ya kuma shaida musu cewa da mutane za su bi wani kwari Ansar su bi wani, da kwarin Ansar zai bi. Suka yi kuka har gemunsu ya jiƙe. Waɗanda suka fi kowa daraja a zuciyarsa su ne suka tashi hannu wofi a ranar, waɗanda aka cika wa hannu kuwa ana lallashin zukatansu ne. Da Ansar sun auna matsayinsu da yawan raƙuma, da sun yi mummunan kuskure. Wani abin lura kuma shi ne ba su bar ƙorafin ya ruɓe a cikinsu ba. An kai maganar inda ta dace, an ba su amsa, zukata suka wanke.

Na biyu shi ne labarin Amru ɗan Asi, wanda Imamu Bukhari ya ruwaito. Watanni kaɗan bayan musuluntarsa aka naɗa shi kwamandan rundunar Zatus Salasil, kuma a cikin waɗanda suka kasance ƙarƙashinsa har da Abubakar da Umar. Da ya dawo sai ya tambayi Manzon Allah (SAW) wa ya fi so a cikin mutane. Ya ce A'isha. Ya ce a cikin maza fa? Ya ce mahaifinta. Ya ce sai wa? Ya ce Umar, ya ci gaba da lissafa wasu mazaje. Amru ya ce sai ya yi shiru don tsoron kada a sa shi a ƙarshensu. Wannan bawan Allah ya ga an ba shi muƙami, ya yi zaton wurinsa ya fi yadda yake, aka gaya masa gaskiya, kuma bai yi fushi ya janye jikinsa ba. Ya ci gaba da hidima har Allah Ya buɗe Masar a hannunsa a zamanin halifancin Umar. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi mana wuyar ɗauka. Yana yiwuwa wanda ka ɗauka babban amininka yana da wasu da ya fi kusa da su, kuma hakan ba cin amana ba ne, ba kuma raini ba ne. Zuciya ba ta bin umarnin kowa. Yana sonka, yana girmama ka, amma ba kai ne na farko ba, kamar yadda kai ma akwai masu ɗaukarka na farko alhali a wurinka suna sahu na uku ko na huɗu, kuma ba ka taɓa ganin ka zalunce su ba.

Ba ina cewa kowa yana ƙaunar kowa ba ne. Akwai mutanen da ba sa tuna ka sai buƙatarsu ta taso, akwai wanda kullum kai ne mai zuwa, kai ne mai kira, kai ne mai ba da haƙuri, shi kuwa ko rashin lafiya ka yi sai dai ya ji a bakin wasu ya wuce. Hausawa sun ce son maso wani ƙoshin wahala, kuma mutum mai hankali ya kamata ya gane irin wannan alaƙa ya daina kashe kansa a kanta. Amma gane ta yana buƙatar a duba shekaru, ba rana ɗaya ba, kuma a duba abubuwan da kuɗi ba ya saye. Wa ya rufa maka asiri lokacin da ka shiga matsala? Wa ya kare mutuncinka a majalisar da ba ka nan? Wa ya zauna da kai a asibiti ko a zaman makoki ba tare da an gayyace shi ba, kuma wa ya iya kiranka gefe ya gaya maka gaskiya mai ɗaci lokacin da kowa yake yabonka? Sau da yawa za ka tarar mai yin waɗannan shi ne wanda gudummawarsa ta fi ta kowa ƙanƙanta a littafi. Idan kuwa ka duba duka ka ga babu, to ka mayar da mutumin inda ya ajiye kansa, ka rage abin da kake jira daga gare shi, ka bar masa sallama da gaisuwa da haƙƙin Musulunci. Rage tsammani daban ne, yanke zumunci daban. Ga ɗan uwa na jini kuwa hukuncin a bayyane yake, domin Manzon Allah (SAW) ya ce mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, mai sada zumunci shi ne wanda idan aka yanke masa sai ya sadar.

Wayar hannu ta ƙara dagula lamarin. Yanzu ana ƙirga wanda ya ɗora hoton amarya a WhatsApp da wanda bai ɗora ba, wanda ya ga saƙo bai amsa ba, da wanda ya yi shiru a zauren dangi lokacin da ake tara kuɗi, ana kuma wallafa sunayen waɗanda suka bayar da adadin abin da kowa ya bayar. Wannan na ƙarshe yana tozarta marasa hali, kuma ina roƙon masu kula da irin waɗannan zaurukan su daina shi.

Tushen ciwon, a fahimtata, yana wurin mai bayarwa tun ranar da ya bayar. Idan ka kai gudummawa kana lissafin ranar da za a dawo maka da ita da ƙari, ka ba da bashi ne wanda ba a yi yarjejeniya a kansa ba, kuma wanda ka bai wa bai san ya ci bashi ba. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ce a aya ta 6 cikin Suratul Muddassir kada ka yi kyauta kana neman ƙari, kuma a Suratul Insan Ya yabi bayinSa masu ciyarwa suna cewa ba sa nufin sakamako ko godiya daga waɗanda suka ciyar. Saboda haka shawarata ga kowa ita ce ya ba da abin da zai iya mantawa da shi. Idan dubu biyar ce ba za ta tsaya maka a rai ba ko an rama ko ba a rama ba, ka ba da dubu biyar, kada ka ciwo bashi ka kai dubu hamsin don a gani, sa'an nan ka zauna shekara biyu kana jiran ranar sakayya. Idan kuma taimako kake buƙata a hidimarka, ka buɗe baki ka faɗa wa wanda ka amince da shi tun da wuri, maimakon ka yi shiru kana gwada shi ko zai gane da kansa. Mutane da yawa sun faɗi jarrabawar da ba su san an yi musu ba.

Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa nauyin. Wanda ba zai sami zuwa ba ya kira ya ba da uzuri kafin ranar, ko ya taka ya je bayan an watse ya yi Allah Ya sa alheri, domin zumunci a ƙafa yake, kuma shirun da yake yi don kunya yana buɗe ƙofar zargi. Haka kuma mu koyi faɗa wa mutane matsayinsu a wurinmu tun suna raye. An ruwaito daga Manzon Allah (SAW) cewa idan mutum yana son ɗan uwansa ya sanar da shi yana sonsa. Mu kuwa kawaici ya sa ba ma yabon mutum sai a wurin ta'aziyyarsa, alhali da ya ji rabin wannan yabo yana da rai, da bai taɓa neman shaidar ƙaunarmu a cikin ambulan ɗin biki ba.

Ina kira ga limamanmu da malaman Islamiyya, musamman masu karantar da matan aure, da su riƙa taɓo wannan batu a wa'azinsu, domin yawancin gabar da ke raba dangi a yau daga irin waɗannan ƙananan lissafe-lissafe take farawa. Ina kuma roƙonka, ya Edita, ka buɗe fili a shafin iyali na wannan jarida domin iyayenmu mata, waɗanda su ne suke riƙe da littattafan gudummawa kuma su ne suka fi ɗanɗana daɗinta da ɗacinta, su faɗi yadda suke ganin za a sauƙaƙa anko da ramuwar biki a wannan lokaci na tsadar rayuwa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Katsina.