Wasiƙa daga Winnipeg a tsakiyar hunturu

Winnipeg, Kanada

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Inna? Auta ya ce mini ƙafar ta yi sauƙi har tana taka wa zuwa maƙwabta. Allah Ya ƙara afuwa. Ka gaishe mini da Baba, ka ce ina neman addu'arsa.

Ka tambaye ni abin da ya sa saƙon da nake turowa yake hawa da sauka, wani watan da kauri, wani watan sai a hankali. A waya ba ma samun natsuwa, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka san bayan aikin rana ina jan tasi da dare. To a lokacin sanyi, kaso mai tsoka na cinikin daren nan yana rataye ne da wasa ɗaya, hokin ƙanƙara. Mutum shida-shida ne, har da mai tsaron gida, suna sulu a kan ƙanƙara da takalma masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, suna koran wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna. Ƙungiyar garin nan sunanta Jets, tana buga gasar NHL, wadda ta haɗa Kanada da Amurka. Wasa sama da 40 take yi a gida a kaka guda, a wani zaure da ke kan titin Portage a tsakiyar gari, mai cin mutum 15,000 da 'yan kai. Daren da ya cika, kafin in sauke wannan wani ya kira, har tsakar dare. Daren da bai cika ba, sai ka ga motocinmu jere a titin Donald, injin na aiki don kada sanyi ya kama mu, kowa yana duba waya.

Wani dattijo da nake yawan ɗauka ya taɓa ba ni tikitinsa, na shiga. Yaya, wurin akwai kwarjini. Ana rera taken ƙasa, da aka iso kalmomi biyun da kamfanin da ya mallaki ƙungiyar ya ɗauki sunansa daga gare su, True North, sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya da murya ɗaya, har na ji tsigar jikina ta tashi. Amma da na ɗaga kai sama, layi-layi na kujeru a naɗe, ba kowa. A gefena wata mata da ɗanta sun ɗora rigunan sanyinsu a kujeru biyu, babu mai cewa su ɗauke. Da kai ne, wanda ya saba da cikar filin Sani Abacha ranar wasan Pillars, sai ka ce ai wannan ma taro ne. A nan kuwa kujerun nan tsoro suke ba mutane, kuma suna da hujja.

Garin nan ya taɓa rasa ƙungiyarsa. A 1995, da magana ta fito cewa za a sayar da Jets ta farko, dubban mutane suka taru a dandalin Forks, yara ƙanana suka kawo asusunsu don a ceto ta. Bai hana ba. Dalar Kanada ta faɗi, albashin 'yan wasa ya yi tashin gwauron zabo, zauren da ake da shi tsoho ne tun na 1955. A 1996 aka kwashe ta zuwa Phoenix, cikin hamadar Arizona. Shekara 15 suka yi babu NHL. Sai a 2011 Mark Chipman da abokin hulɗarsa David Thomson suka sayo ƙungiyar Atlanta suka kawo ta nan. Tun a ranar, shugaban gasar, Gary Bettman, ya gargaɗe su cewa abin ba zai ɗore ba sai in ana cika zauren kowane dare, domin shi ne mafi ƙanƙanta a gasar a lokacin. Mutane suka amsa. Tikitin kaka 13,000, wato na duk wasannin gida na shekara, ya ƙare a 'yan kwanaki, kason da aka fitar wa jama'a ma minti 17 kawai ya ɗauka, wasu dubbai suka shiga layin jira. Shekara takwas ba a yi wasa ba tare da tikiti ya ƙare ba, sai a Oktoban 2019.

Bayan korona abin ya zame sosai. A Oktoban 2023 an yi dare da mutum 11,000 da 'yan kai kawai suka zo, alhali ƙungiyar ba ta lalace ba. A Fabrairun 2024 Chipman da bakinsa ya ce masu tikitin kaka sun ragu zuwa ƙasa da 9,500, kuma ba za a ɗore a haka ba. Gari ya ɗauka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Sai da Bettman ya zo da kansa ya kwantar wa mutane hankali. A shekarar ce kuma waccan tsohuwar ƙungiyar da aka kai Arizona, bayan ta ƙare a wani zauren jami'a da bai kai cin mutum 5,000 ba, aka sake kwashe ta zuwa Utah. Kowa a nan ya bi labarin.

Ina jin masu cewa mutanen Winnipeg sun daina son wasan. Ni da nake jin hirarsu a bayan mota ban yarda ba. Dattijon nan su huɗu suke haɗa kuɗi su sayi kujeru biyu, su raba wasannin a tsakaninsu. Ɗaya ya yi ritaya, ɗaya kuɗin gidansa ya ƙaru, sai haɗin ya watse. Har yau ba ya barin wasa ya wuce shi a talabijin, sunan kowane ɗan wasa yana bakinsa. Magidanci mai 'ya'ya biyu in zai zo, ga tikiti huɗu, ga kuɗin ajiye mota, ga abincin ciki da ya ninka na waje, a daren Talata, gobe makaranta, sanyi ya kai 30 ƙasa da sifili. A Toronto ko Montreal manyan kamfanoni ne ke saye kujeru da yawa su raba wa abokan cinikinsu. Nan garin mutum wajen 750,000 ne, nauyin ya fi sauka a kan iyalai, iyali kuwa in aljihu ya matse sai ya fara da abin da ba dole ba. Ga shi ana biyan 'yan wasa da dalar Amurka, ana karɓar kuɗin ƙofa da dalar Kanada. Su ma masu ƙungiyar sun amince cewa lokacin da ake layi a ƙofarsu ba su kula da masu sayen yadda ya kamata ba. Chipman har waya ya riƙa bugawa waɗanda suka bari yana tambayar dalili, kuma na ga girmansa a kan haka.

Abin ya fara farfaɗowa. A kakar 2024 zuwa 2025 Jets ta fi kowa maki a gasar. Lokacin wasannin fidda gwani kowa fari yake sawa, ciki da waje, a rufe tituna a kafa manyan allunan kallo. Ranar 4 ga Mayun 2025 suka farke St. Louis saura daƙiƙa biyu a tashi, suka ci a ƙarin lokaci. Daren nan sai gab da asuba na shiga gida, kuma shi ne watan da na turo kuɗin rufin ɗakin Inna. Sai dai daren irin wannan ba shi ke riƙe ƙungiya ba, balle direba. Daren Janairu ne, da baƙuwar ƙungiyar da ba wanda ya damu da ita. Shi ya sa yanzu nake duba jadawalin wasa kafin in yi maka alkawarin komai.

Watan nan wasannin gida suna da yawa, saboda haka in Allah Ya yarda kuɗin makarantar Auta zai iso kafin ƙarshensa. Ka fara biyan wannan, abin da ya rage a sayi maganin Inna. Maganar fili kuma a dakata sai bazara, kada ka ba kowa kafin alƙalami. In akwai mai tahowa, a aiko mini da kuka da daddawa, na wurina sun kusa ƙarewa. Ka gaishe da Anti da yara, da duk wanda ya tambaye ni.

Wassalam,
Ƙaninka