Hotunan Damagaram na lalacewa a cikin akwatuna

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan an tashi lafiya. Don Allah a ba ni ɗan fili.

Kwanan nan sai yawo ake da tsofaffin hotunan Damagaram a WhatsApp, ga ganuwar Birni ta zamanin Sarki Tanimun, ga ƙofar fada, ga raƙuma a Zango, kowa na cewa Allah sarki jiya. To madalla. Amma waɗannan ba su ne ke damuna ba, don yawancinsu Turawa suka ɗauka bayan sun ci garin a 1899 zuwa lokacin da aka mayar da babban birni Yamai a 1926, kuma takardun wancan zamanin suna ajiye a Faransa da Dakar cikin ɗaki mai sanyi, gara ba ta kai musu.

Namu na gida fa? Zamanin Shugaba Seyni Kunce da samariya, wato ƙungiyoyin matasa, ke tashe, kowace unguwa da ƙungiyar wasan kwaikwayonta, su Yazi Dogo suna sa mutane dariya har da hawaye, ina afish ɗin wasannin, wato takardun talla da ake liƙawa a bango, ina tikiti, ina kaset ɗin rediyo, ina hotunan 'yan wasa da rawani da gemun auduga? Wallahi suna cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, damina ta jiƙa su hoto ya manne da hoto, in ka ɓamɓare sai fuskar mutum ta tafi. Mai gida na rasuwa kuma a raba gado, a ɗauki riguna da gona, takardu a ce shara ne. Ni da idona na ga tsohuwar jaridar Sahel an naɗe tsire da ita a tasha, maiƙo ya cinye rabin hoton faretin samariya.

Kuma ai mun ga yadda wuta ta ci gidan raya al'adu na Faransa da Nijar a nan garin a Janairun 2015, wato ajiye abu wuri guda ma ba dabara ba ce.

Roƙona ga Jami'ar André Salifou, tunda sunan masanin tarihin Damagaram ta ɗauka, shi ne ta turo ɗalibai su bi gida gida da na'urar sikana, a ɗauki kwafi a mayar wa mutum abinsa nan take, don mutanenmu in ka ce su ba da hoton mahaifinsu a kai ma'ajiya ba za su yarda ba, kuma ban ga laifinsu ba. Kwafi ɗaya a jami'a, ɗaya a Yamai. Sannan a zauna da tsofaffi a rubuta wane ne wannan, wace shekara, wace unguwa, tun suna raye, a fara da masu ɗaukar hoto na da, su ke riƙe da fim ɗin asali.

Naku,
wani mai karatu daga unguwar Zango, Damagaram