'Yan mishan da shebur a hannu: a yaba, amma a bar wa magina gininsu

Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri, don Allah ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan 'yan mishan ɗin nan da suke ajiye littafin wa'azi su ɗauki shebur da baro su shiga yashe kwata, ko kwashe shara, ko ɗora wa wani rufin ɗaki.

Da an ta da zancen sai ka ji an ce ai dabara ce ta jan mutane zuwa coci. To dama sun ɓoye cewa su masu wa'azi ne? Ba su ɓoye ba. Ni dai indai ba su tambayi mutum addininsa kafin su gyara masa katanga ba, kuma ba su ce sai ya zauna ya ji huɗuba sannan a ƙarasa aikin ba, to ban ga abin faɗa a nan ba. Shi kansa Manzo Bulus da suke koyi da shi ai sana'arsa ɗinkin tanti ce, da ita yake ci.

Akwai waɗanda gaskiya sun iya abin. Samarin cocin Mormon, masu farar riga da ɗan allon suna a ƙirji, maza shekara 2 suke yi mata wata 18, yawanci kuma su da iyayensu ke ɗaukar nauyi. Lokacin da guguwar Katrina ta yi ɓarna a Amurka a 2005 'yan cocin sun fito cikin riguna masu ruwan ɗorawa suna sare itatuwan da suka faɗo wa gidaje suna kwashe laka, aikin da ba ya son komai sai ƙarfi da haƙuri da wari. Wannan kam ko wa ya yi shi ya taimaka.

Inda nake da ja shi ne masu zuwa na sati ɗaya. A kwaso matasa daga wata ƙasa, wasunsu ba su taɓa kwaɓa siminti ba ballantana su san yashi nawa ake zuba wa buhu, a ba su cokalin gini a ce su ta da aji, sai ka ga layin bulo ya tafi a karkace ƙasa-ƙasa ya yi ciki, ana ta ɗaukar hoto za a sa a Facebook, shi kuwa birkilan garin da ya shekara da shekaru yana wannan sana'a yana gefe ya harɗe hannu yana kallo, ranar ba shi da aiki leburorinsa ma ba su da shi. Kuɗin tikitin jirginsu kaɗai da ya biya shi har a kai linta. Kuma gini ba abin wasa ba ne wallahi, girgizar ƙasar Haiti ta 2010 ta kashe sama da mutum dubu 100, kuma akasari gine-ginen da ba su da ƙwari ne suka rufto musu.

Shi ya sa tsarin Habitat for Humanity ya fi kwanta min. Ƙungiyar Kirista ce mai gina wa marasa ƙarfi gidaje, Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa ta a jihar Jojiya a 1976. Wanda za a gina wa gidan dole shi ma ya zo ya zuba guminsa, sannan akwai ƙwararre a wurin da ke cewa kai riƙe nan, ke buga can. Marigayi tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter tun 1984 ya riƙa zuwa musu aiki da gudumarsa shi da matarsa Rosalynn, har a 2019 yana da shekara 95 ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki 14 a goshi, ido ya yi baƙi, amma haka ya taho Nashville aka ci gaba da aiki da shi. Tsohon shugaban ƙasa guda fa, kafinta na nuna masa inda zai sa ƙusa.

Roƙona ga shugabannin coci-coci masu turo yaran nan, kafin a yanki tikiti a tambayi mutanen wurin me suke so, a ɗauki magininsu a biya shi haƙƙinsa, baƙin kuma su miƙa masa bulo su ɗebo ruwa.

Na gode Edita.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum